Zangon Awa 15 A Alƙahira: Ziyara Ga Masu Littattafanmu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mutanen da, waɗanda suka yi aikin Hajji da ƙafa, zango a wurinsu wani yanki ne na tafiyar kanta. Mutum zai bar Kano ko Katsina ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, inda guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noman damina ɗaya ko biyu, inda ya ji labarin wani malami ya sauka ya ɗauki karatu, har Allah ya kai shi bakin Bahar Maliya. Waɗansu kuwa hamada suke ketawa ta Fezzan su ɓulla Masar, su jira ayarin alhazan Masar mai ɗauke da rigar Ka'aba, su bi shi tafiyar fiye da wata guda zuwa Makka. Da yawansu sun koma gida da ilmin da ya ɗara wanda suka fita da shi, a zango kuwa suka same shi.

Yau zango ya koma na awoyi. Jirgi zai sauke mutum a wani babban birni da safe, wanda zai ƙarasa da shi Jidda ko Madina ba zai tashi ba sai dare. Abin da muka saba gani shi ne 'yan'uwanmu kwance bisa kujeru yini zubur, waɗansu har salla ta kuɓuce musu saboda barci da rikicewar agogo. Wanda ya sami fita kuwa, kasuwa ce kaɗai alƙiblarsa. An sha tambayarmu ko ya dace mai niyyar Umra ya fita yawon buɗe ido a irin wannan zango, da yadda zai yi da sallolinsa in ya fita. Za mu amsa da labarin yini guda da muka yi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1445, watau Janairun 2024, tsakanin saukarmu ƙarfe 7 na safe da tashinmu ƙarfe 10 na dare.

Abu na farko lissafi ne. Awa 15 da ke rubuce a tikiti ba duka ne na matafiyi ba. Sai ya cire lokacin neman izinin fita da bin layi, ya cire awa uku na ƙarshe waɗanda dole su same shi cikin filin jirgi, ya kuma cire hanya zuwa da dawowa, gama Alƙahira da kewayenta mutum fiye da miliyan 20 ke zaune ciki, in titi ya cushe da yamma tafiyar minti talatin takan koma ta awa ɗaya da rabi. Abin da zai saura bai wuce awa takwas ba. Maganar izinin shiga gari kuwa, a gama ta da ofishin kamfanin jirgi tun daga gida, kada a bari sai an sauka. Wanda zangonsa bai kai awa takwas ba, shawararmu ya zauna inda yake, ya nemi masallacin filin jirgi ya yi karatunsa.

Mu uku ne a mota ban da direba: mu, da wani Alhaji ɗan kasuwa abokin tafiyarmu, da wani almajirinmu ɗan Zariya mai karatu a Azhar, wanda ya zo taryenmu cikin sanyin da ya fi na Jos. Direba bai jira an tambaye shi ba ya ce, “Dala za mu fara zuwa, ya Maulana?” Haka suka saba da kowane baƙo. Babu laifi a shari'a ga ganin dalar Giza. Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ginin da ya shekara wajen 4,500, wanda tsawonsa na asali ya kai kamar mita 146, mai shi kuwa ko ƙashinsa ba a samu a ciki ba, ya isa wa'azi ga mai hankali. Sai dai Giza tana ƙetaren kogin Nilu ta yamma, filin jirgi kuwa yana arewa maso gabas, zuwa da dawowa za su cinye rabin yinin. Muka ce masa Ƙarafa muke so. Ya waiwayo ya dube mu, ya ce, “Maƙabarta? Kuna da mamaci a can?” Muka ce muna da su da yawa.

Ga abin da muke nufi. Almajiri a ƙasarmu yakan fara da allo bisa ruwayar Warshu, ya shiga littattafai ya karanta Ishmawi da Iziyya, in Allah ya yi masa nisan karatu ya kai Muhtasar, kowane watan azumi kuma ya zauna gaban mai tafsiri da Jalalaini. Ahalari daga Aljeriya ya zo mana, Risala daga Ƙairawan, Askari daga Bagadaza. Amma waɗancan da muka fara ambata, masu su duka mutanen Masar ne, manyansu kuwa suna kwance cikin wannan birni. Abin takaici shi ne a zaurukanmu akan sauke littafi tun daga bango har bango, a maimaita, a haddace, ba tare da an tsaya an gaya wa ɗalibi wane ne mai littafin ba, a wane gari ya zauna, wa ya karantar da shi, wane zamani ya gani. Mun sha tambayar manyan ɗalibai inda Shehu Halilu ya rayu, wani ya ce Fas, wani ya ce Madina. Wanda bai san mai magana ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa ya faɗi abin da ya faɗa.

Titin Salah Salim shi ke ɗauko mutum daga wajen filin jirgi ya bi da shi ta gefen gabas na tsohon birni, dutsen Muƙaɗɗam na hagunsa. Tun kafin a kai ganuwar da Salahuddini Ayyubi ya soma ginawa a 1176, za a fara ganin ƙubbobi da hasumiyoyi jere cikin ƙura. Nan ce maƙabartar arewa, inda aka binne Shehu Halilu kusa da malaminsa Abdullahi Manufi. Muka yi musu sallama daga mota muka wuce, muka sauka kusa da dandalin Sayyida A'isha, inda kabarin Jalaluddini Suyuɗi yake a wajen tsohuwar ƙofar Ƙarafa.

Suyuɗi an haife shi a 849, ya rasu a 911 ta Hijira (1505). Malaminsa Jalaluddini Mahalli ne ya fara tafsirin daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya haɗa da Fatiha, ajali ya riske shi a 864. Suyuɗi ya ɗauka daga Baƙara zuwa Isra'i ya gama cikin kwana 40, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Shi ne littafin da mai jan baki da mai fassara ke riƙewa daga Sakkwato har Damagaram. Alaƙarsa da mu ta wuce littafi. Ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan ƙasar Takrur, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan, yana horonsu da adalci da tsayawa kan hukuncin shari'a. Askiya Muhammadu na Songhai ma ya gana da shi a kan hanyarsa ta Hajji wajen 1497. Wurin da yake kwance ɗan ƙaramin gini ne, motoci na ta wucewa ta gefensa. Alhaji ya daɗe tsaye yana kallo, sa'an nan ya ce, “Allah gafarta Malam, yanzu mai Jalalaini ke nan?” Ya ce shekara arba'in yana sauraron tafsiri, bai taɓa kawo wa ransa cewa Jalalu biyun nan mutane ne masu gari da unguwa da kabari ba.

Daga nan muka nausa kudu cikin Ƙarafa ƙarama. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka unguwa ce, domin kaburburan suna cikin shingaye masu ƙofa da ɗakuna, da tituna a tsakaninsu, kuma talakawa da yawa waɗanda tsadar haya ta koro sun mai da waɗannan ɗakuna gidajensu. Ga shanya a kan igiya, ga yara na ƙwallo, ga mai shayi. A wani lungu akwai wurin da suke kira na Shugabannin Malikiyya, inda Abdurrahman ɗan Ƙasim da Ashhabu suke maƙwabtaka. Duk wanda ya buɗe sharhin Risala ko na Muhtasar ya gaji da jin saɓanin waɗannan biyu. Ibn Ƙasim ya lizimci Imamu Malik shekara 20 a Madina, ya dawo Masar, ya rasu a 191. Wurinsa Sahnunu ya zo daga Ƙairawan ya bi mas'aloli ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, abin da ya fita daga wannan zama shi ne Mudawwana, uwar littattafan mazhaba. Saboda haka fiƙihun da Malik ya karantar a Madina ta Masar ya bi ya isa Ƙairawan, daga can ya ketaro hamada ya zo mana. Duk alƙalin da ya taɓa yanke hukunci a ƙasar Hausa da abin da ake kira mashhurin mazhaba, galibi da ruwayar wannan bawan Allah ya yanke, ko ya sani ko bai sani ba.

Cikin wannan maƙabarta kuma Warshu yake. Sunansa Usman ɗan Sa'id, Bamasare ne, ya tafi Madina ya yi karatu wurin Nafi'u, shi ne kuwa ya laƙaba masa Warshu saboda tsananin farinsa. Ya rasu a 197. Mutanen Masar na yau da ruwayar Hafsu suke karatu, kamar mafi yawan ƙasashen Musulmi, musamman tun da aka buga mus'hafin Alƙahira na 1924 wanda ya bazu ko'ina. Almajirinmu ya ce in ya yi limanci da Warshu a unguwarsu, wani lokaci akan sami wanda zai yi masa gyara daga baya, yana zaton kuskure ya yi. Ruwayar ɗan garinsu ta zama baƙuwa a garinsu, tana nan da ranta a allunan Gwandu da Haɗeja da Gaidam.

A nan ne kuma muka ga abin da ya dame mu. A 2020, da kuma 2023, an rushe sassa na waɗannan maƙabartu domin faɗaɗa tituna da gina gadoji, aka kwashe ƙasusuwan mutane da yawa zuwa sababbin maƙabartu a bayan gari. A 2023 har labari ya bazu cewa rusau zai kai ga kabarin Warshu, jama'a suka yi ca, hukumar birnin ta fito ta musanta. Mun ga shingaye da aka yanke rabi, da tarin ƙasa inda dā akwai gini. Ba mu ce rayayye ba shi da haƙƙin hanya ba, malamanmu ma sun halatta a ɗauke mamaci daga wuri zuwa wuri in akwai maslaha, da sharaɗin kada a keta alfarmarsa. Amma maƙabartar da aka fara binne mutane cikinta tun zamanin sahabbai, wadda take cikin tsohuwar Alƙahira da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979, ba ta mutanen Masar kaɗai ba ce. In titi ya cushe ana iya sake masa hanya. Wanda ke da niyyar wannan ziyara, kada ya yi ta ɗagawa.

Ƙubbar Imamu Shafi'i ita ce mafi girma a wannan yanki. Sarki Kamil na gidan Ayyubi ya gina ta a 608 (1211), a ƙololuwarta akwai siffar ɗan jirgin ruwa na tagulla, an kuma gama yi mata gyara an sake buɗe ta a 2021. Shafi'i ya iso Masar wajen shekara ta 199, ya rasu a ƙarshen Rajab na 204, shekarar da Ashhabu ma ya rasu. Akwai abin lura a nan ga masu zafin mazhaba da masu zafin ƙungiya a ƙasarmu. Shafi'i almajirin Malik ne, ya kuma saɓa masa a mas'aloli da yawa, ya rubuta saɓanin a fili. Duk da haka wanda ya sauke shi a Masar ya ɗauki nauyinsa shi ne Abdullahi ɗan Abdulhakam, ɗaya daga manyan Malikawan garin, da ya rasu kuma a maƙabartar gidansu aka binne shi. Wannan ƙubba da ake zuwa gani daga ko'ina, a kan filin Malikawa take.

Game da ladubban ziyara, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ziyarar kaburbura da farko, daga baya ya yi izini saboda tana tuna Lahira. Abin da ake yi shi ne sallama, da roƙa wa mamaci gafara, da wa'aztuwa. Ba a kewaya kabari, ba a shafa shi, buƙata kuwa Allah ake kai wa. Mun ga mutane suna cusa 'yan takardu ta ramukan katakon da ya kewaye kabarin. Tsohuwar al'ada ce a can: wanda aka zalunta yakan rubuta ƙara zuwa ga Imam, har ta gidan waya ake aikowa, wani masanin zamantakewa na Masar mai suna Sayyid Uwais ya tattara irin waɗannan wasiƙu ya yi littafi a kansu a 1965. Wannan aiki ba shi da tushe a shari'a, mai kabarin kuma da shi ne farkon wanda zai hana. Sai dai wanda ya ga tsohuwa tana kuka tana tura takardarta, ya kamata bayan ya faɗi hukunci ya tambayi kansa abin da ya sa talaka ya fid da rai ga alƙalai masu rai har ya koma kai ƙara wurin wanda ya rasu shekara 1,200 da suka wuce.

Azahar ta same mu a Fusɗaɗ, a masallacin Amru ɗan Asi, Allah ya ƙara masa yarda, masallaci na farko da aka gina a Masar, shekara ta 21 ta Hijira, zamanin halifancin Sayyidina Umar. Asalinsa kamu 50 ne a tsawo, 30 a faɗi. An yi ta rushewa ana faɗaɗawa har babu abin da ya saura na ginin farko sai wurin. A nan Shafi'i yake zaman karatu. A wannan unguwa ce kuma, kamar yadda Maƙrizi ya kawo, mutanen Kanem suka ba alƙali Ibn Rashiƙ dukiya cikin shekarun 640 na Hijira ya gina makarantar fiƙihun Malikiyya, suka riƙa aiko mata da kuɗi, alhazansu na sauka cikinta. Yau sai a littattafan tarihi ake samun labarinta. Amma a duba: shekara kusan 800 da suka wuce, Musulmin bakin tafkin Chadi sun san cewa mai wucewa ta Alƙahira yana buƙatar masauki da malami, suka tanada.

To, ga maganar salla. A mazhabarmu ƙasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda tafiyarsa ta kai mil 48, kuma ba ta yankewa sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda. Mai zangon yini ɗaya ko biyu matafiyi ne, ko yana filin jirgi ko yana cikin gari, Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu zai yi. In ya bi limami mazauni kuwa, dole ya cika huɗu tare da shi. Malamanmu sun karhanta matafiyi ya bi mazauni saboda zai bar sunnar ƙasaru, sun kuma karhanta a tsai da jam'i na biyu a masallacin da ke da limami ratibi bayan ya sallame. Mu dai da aka ta da iƙama sahu muka shiga muka cika, domin ba mu ga yadda za mu koma gefe muna kallo ana jam'i a masallacin da sahabbai suka aza alƙiblarsa ba. Haɗa salla biyu rangwame ne ga wanda tafiya za ta hana shi sauka cikin lokaci. Wanda ke yawo cikin garin da kowane lungu akwai masallaci, ya yi kowace a lokacinta. A kuma gyara agogo tun daga sauka, a bi kiran sallar garin, gama a hunturu rana tana faɗuwa a Alƙahira tun wajen ƙarfe 5 da 'yan mintoci.

Muka ci wake da gurasa a wata rumfa, irin abincin da talaka da mai kuɗi suka yi tarayya a kansa a can. Gurasa a bakinsu sunanta aish, watau rayuwa. Larabcinsu na kasuwa sai an saba: jimun ta koma ga, ƙafun ta faɗi, direba kuwa duk sa'ad da muka yi masa magana da Larabcin littafi sai ya yi murmushi ya ce kamar yana sauraron huɗuba.

Hanyarmu zuwa Azhar ta bi ta titin Saliba. Masallacin Ahmad ɗan Ɗulun, wanda aka gama a 265 (879), mai hasumiyar da matakalarta ke kewaye da ita ta waje, daga mota muka gan shi. Haka makarantar Sarki Hasan, wadda aka soma a 757 aka ware wa kowace mazhaba cikin huɗun nan sashenta. Kowannensu ya cancanci yini. Inda muka tsaya shi ne ginin Amir Shaihu, domin a nan Shehu Halilu ɗan Ishaƙ ya karantar da fiƙihun Malikiyya. Ana ce masa Jundi saboda kayan soja yake sawa, ya rasu a 776 bisa maganar da aka fi rinjayarwa. Muhtasar ɗin da ya sha kan ɗalibai saboda matsewar lafazinsa, wanda alƙalan ƙasar nan suka yi ƙarnuka suna hukunci da shi, marubucinsa ta wannan titi yake bi zuwa aji. Kaɗan kudu da nan, a hubbaren Sayyida Ruƙayya, aka binne Murtala Zabidi mai Tajul Arus, wanda ya rasu a 1205 (1791). Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da shi a Alƙahira ya karɓi ijaza, ta wannan hanya isnadin Zabidi ya shiga Sakkwato. Shehu bai sami zuwa Hajji ba, amma zangon da malaminsa ya yi a Masar ya amfane shi, ya amfane mu.

Azhar kuwa, Jauhar Siƙilli, kwamandan Faɗimiyyawa, shi ya gina ta bayan ya kafa birnin a 969, aka yi Jumma'a ta farko cikinta a watan Ramalan na 361 (972). Masu ginin 'yan Shi'a Isma'iliyya ne. Da Salahuddini ya kawar da daularsu a 1171 aka daina huɗuba a cikinta kusan shekara ɗari, sai zamanin Sarki Baibars aka mayar, ta zama babbar makarantar Ahlus Sunna. Wanda aka fara sani da muƙamin Shaihul Azhar, Muhammadu Harashi, wanda ya rasu a 1101 (1690), Bamalike ne mai sharhin Muhtasar. Ana shiga ta ƙofar da ake kira ta Wanzamai, inda dā ake yi wa ɗalibai aski, sai mutum ya ɓulla wani fili mai farin daɓen marmara, hasumiyar Ƙaitbai da ta Guri mai kai biyu suna bisansa. A dā ɗalibai baƙi kowace ƙasa da rumfarta da ake kira ruwaƙ, inda suke kwana suna karɓar rabon gurasa daga waƙafi: akwai na Magaribawa, da na Sinnar, da na Darfur, da na Barnawa, inda mutanen ƙasashenmu ke sauka. Tun 1959 aka buɗe wa baƙi unguwarsu a Abbasiyya, dokar 1961 kuma ta shigo da likitanci da aikin injiniya cikin jami'ar. Amma karatun zobe bai mutu ba. Bayan La'asar mun tarar da malami zaune bisa kujera, ɗalibai kewaye da shi a ƙasa, na Indunusiya da na Afirka da na Masar, ana bin matani kalma kalma kamar yadda ake yi a zauren Madabo.

Tun kafin waɗannan ɗalibai akwai wani Bakatsine da ya kamata kowane ɗan makaranta ya san sunansa, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashnawi, masanin lissafi da ilmin taurari da wafaƙi. Ya yi Hajji, ya zauna Alƙahira yana karantarwa yana rubutu, ya rasu a 1154 (1741) a gidan Shehu Hasan Jabarti, mahaifin mai tarihin nan Abdurrahman Jabarti, wanda ya rubuta tarjamarsa da yabo. Mutanenmu sun je Masar sun ɗauko, sun kuma je sun bayar.

Bayan masallacin akwai lungunan masu sayar da littattafai, da masallacin Shehu Ahmad Dardir mai Aƙrabul Masalik, wanda ya rasu a 1201 (1786), malamin da aka sani da tsaya wa talakawa gaban sarakunan zamaninsa. A wannan unguwa maɗaba'ar gidan Halabi ta kafu, wadda asalinta ya koma 1859; dattawan da suka sayi littattafai masu rawayar takarda a kasuwar Kurmi sun san sunan. Wanda zai sayi littafi ya tuna da ma'aunin kaya, ya kuma tuna zai yi ta jan su har Makka da Madina. In zai dawo ta nan, ya bari sai dawowa. Alhaji ya sami minti arba'in a kasuwar Han Halili, ƙetaren titi kusa da masallacin Sayyidina Husaini, ya dawo da turare da tasbaha yana cewa farashin farko da suka faɗa masa ko a Kantin Kwari ba a yi masa irinsa ba.

Muna sallame Magariba muka kama hanya, ƙarfe 7 ta yi mana a ƙofar filin jirgi. Sauran abu guda wanda duk mai zango a Masar ya wajaba ya sani. In Madina jirginsa zai sauka, babu harama a kansa sai ranar da zai fita zuwa Makka, ya ɗauka a Zul Hulaifa, inda ake kira Abyar Ali. In kuwa Jidda zai sauka da niyyar wucewa Makka, miƙatin mai zuwa daga Masar shi ne Juhufa, kusa da Rabig, jirgi kuma yana daidaita da ita tun yana sama, cikin tafiyar da ba ta fi kamar awa biyu ba. Mafi yawan malaman zamani ba su ɗauki Jidda miƙati ga mai zuwa ta sama ba, wanda kuwa ya wuce miƙati ba harama, bai koma ba, jini ya hau kansa. Saboda haka kada a sa mayafan harama cikin akwatin da aka auna tun daga Kano, domin ba za a sake ganinsa ba sai Jidda. A riƙe su a jakar hannu, a yi wanka ko alwala a filin jirgin Alƙahira, a ɗaura su kafin shiga, a jinkirta niyya da talbiyya sai an yi sanarwar kusantar miƙati. Wanda ya ji tsoron barci zai ɗauke shi, ko ba za a yi sanarwar ba, ya yi niyya tun da wuri. Yin harama kafin miƙati makaruhi ne a wurinmu, amma ta ƙullu, babu kuma jini a kansa.